Haƙƙin Mai Bin Bashi da Rufin Asirin Mai Gida

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana wahalar da malaman fiƙihu tun kafin a san banki, ita ce idan mutum ya ci bashi, wa'adi ya cika, alhali bai mallaki komai ba sai gidan da iyalinsa suke kwana a ciki, shin a sayar da gidan a biya mai haƙƙi, ko kuwa a bar masa shi? Malikawa da Shafi'awa sun tafi a kan cewa ana sayarwa, domin dukiyar mai bin bashi ba ta halatta ga wani sai da yardarsa. Hanafawa da Hambalawa kuwa suka ce a bar masa muhallin da ba zai iya rayuwa ba sai da shi, kamar yadda ake bar masa tufafin jikinsa.

Wannan saɓani ya sake bayyana a Amurka, ko da yake ba da harshen malamai ba. A shekarun da suka gabaci 2006, bankuna sun yi ta bai wa masu ƙaramin ƙarfi rancen sayen gida, a kan ruwa mai sauƙi a shekara biyun farko wanda yake hauhawa bayan haka, kowa yana zaton farashin gidaje ba zai taɓa faɗuwa ba. Da farashin ya karye, sai mutum ya wayi gari bashin da ke kansa ya fi ƙimar gidan, ba ya iya biya, ba ya kuma iya sayarwa ya fita. Miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, har a birane irin su Ditiroit aka riƙa ganin layi guda na gidaje an toshe tagoginsu da katako, ciyawa ta cinye ƙofa, wanda aka kora yana haya, wanda ya kore shi kuma ya rasa mai saye.

Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na 2008, majalisar ƙasar ta ware dala biliyan 700 don ceto harkar kuɗi cikin 'yan makonni. A 2009 gwamnatin Obama ta fito da shirin sassauta wa masu gidaje, da nufin kada biyan wata ya wuce kashi 31 cikin ɗari na abin da mutum yake samu, amma waɗanda suka amfana ba su kai miliyan uku zuwa huɗun da aka yi niyya ba. Daga baya ma ta bayyana cewa ana sa hannu a takardun ƙwace gidaje ba tare da an karanta su ba, abin da ya sa manyan bankuna biyar suka amince da sulhun dala biliyan 25 a 2012.

Masu sukar shirin sassautawar sun ce tallafa wa wanda ya kasa biya zalunci ne ga maƙwabcinsa da ya ƙuntata wa kansa ya cika alkawari, kuma hujjarsu ba abar rainawa ba ce, domin in aka saba da yafe bashi, gobe babu mai ba talaka rance. Sai dai shari'a ta riga ta rarrabe tsakanin mawadaci mai taurin bashi, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci, da wanda ƙunci ya ci ƙarfinsa, wanda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya sami yalwa, sa'an nan ta ambaci yafewa daban a matsayin sadaka. Ashe ke nan yafewa ce falala, jinkiri kuwa wajibi ne. Hatta Malikawa da suka halatta sayarwa ba su yarda da gaggawa ba: a Muhtasar na Halil an ce a dakata da sayar da gida ko fili kamar wata biyu don neman farashi mai kyau, a Muwaɗɗa kuma an hana mai riƙe da jingina ya mallake ta don kawai wa'adi ya wuce.

Saboda haka, abin da hankali da addini suka haɗu a kansa shi ne, mai bin bashi yana da haƙƙin dukiyarsa, amma ba shi da haƙƙin gaggawa, balle wanda ya san tun ranar ƙulla ciniki cewa abokin cinikinsa ba zai iya ɗaukar nauyin ba, ya runtse ido don kwaɗayin riba. Irin wannan yana da kaso a cikin laifin, kuma adalci ne ya ɗauki kaso a cikin hasarar kafin ya nemi alƙali ya fitar da mata da 'ya'ya daga ɗakinsu.