Yaron da Ake Kira Dattijo: Wa'azin Matasan Mormon a Ma'aunin Bahaushe

Tsohuwar tambaya ce ko ya dace a tura matashin da bai gama sanin kansa ba zuwa wata ƙasa domin ya koya wa mutane addini, kuma da wuya a sami ƙungiyar da ta amsa ta a aikace da tsari mai tsauri kamar Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda duniya ta fi sani da sunan Mormon. Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York ta Amurka a 1830, shekarar da aka buga Littafin Mormon, wanda mabiyansa ke riƙo da shi a matsayin nassi tare da Littafi Mai Tsarki, kuma a yau cibiyarsa tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Tun watan Oktoba na 2012 cocin ke karɓar samari 'yan shekara 18 su fita wa'azi na tsawon shekara biyu, 'yan mata kuma su yi wata 18. Matashin ba shi ke zaɓar inda za a kai shi ba, babu albashi a aikin, hasali ma shi da iyayensa ake sa ran su ɗauki nauyin guzurin gwargwadon ƙarfinsu.

Rayuwar da ke jiran sa a can ta fi kama da ta barikin soja. Kafin ya isa wurin aiki sai ya bi ta cibiyar horaswa, irin wadda aka buɗe a Tema ta ƙasar Gana a 2002, daga baya aka mayar da ita Akara a 2017, inda ake koya masa darussan da zai gabatar da kuma harshen da zai yi amfani da shi idan da bukata. Bisa al'adar da aka daɗe a kanta, yana tashi da ƙarfe shida da rabi na safe, ya yi addu'a da karatun nassi, sannan ya fita cikin farar riga da laktaye, da ɗan baƙin allo a ƙirji mai ɗauke da sunan mahaifansa da laƙabin Turanci mai ma'anar Dattijo. Ana haɗa shi da abokin aiki wanda ba shi ya zaɓa ba kuma ba ya rabuwa da shi dare da rana, an hana shi neman aure da nishaɗin da tsararrakinsa suka saba, yana da yini ɗaya a mako na wanki da cefane. Har zuwa watan Fabrairu na 2019, sau biyu kacal a shekara ake barin sa ya kira gida ta waya, kafin a sassauta dokar zuwa kowane mako.

Idan aka ɗora wannan tsari a kan unguwa irin Unguwar Dosa ta birnin Kaduna, a arewacin kogin Kaduna, nan take za a ga inda yake cin karo da al'ada. Ƙwanƙwasa ƙofa gida gida, wanda shi ne abin da aka fi sanin 'yan mishan ɗin da shi, ba ya tafiya da gidan da baƙo namiji ke tsayawa a waje ya yi sallama ya jira mai gida. Ƙa'idar cin abinci da Joseph Smith ya shimfiɗa a 1833 ta haramta giya da taba, abin da Musulmi ba zai ji baƙonsa ba, amma cocin ya fassara ta da cewa ta haɗa da shayi da kofi, don haka baƙon zai mayar da kofin da aka miƙa masa a daidai lokacin da hira ke shirin buɗewa. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, tun bayan rikicin Shari'a na 2000 da wanda ya biyo baya a 2002, Musulmi sun fi taruwa a arewacin kogin, Kiristoci kuma a kudancinsa, ta yadda addinin mutum ya haɗe da unguwarsa da danginsa da tsaron lafiyarsa, ba al'amari ne da za a warware da darasi huɗu ko biyar ba.

Sai dai fita daga gida saboda addini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar almajiri kanta daga Larabci take, daga almuhajir, wato wanda ya yi hijira, kuma ƙarnuka da dama yara na barin iyayensu su tafi gabas neman Alƙur'ani. Jama'ar Tabligh, wadda Muhammad Ilyas ya kafa a yankin Mewat na Indiya a 1926, tana fitar da mabiyanta kwana uku ko kwana 40 ko wata huɗu da kuɗin aljihunsu, kuma su da kansu suna cewa gyaran kai ne babban dalilin fitar. Bambancin yana cikin matsayin da aka ba matafiyin: almajiri yana fita ne a matsayin mai nema, ya durƙusa gaban malami, shi kuwa ɗan mishan an ɗaura masa sunan dattijo tun bai yi gemu ba, an aike shi ya bayar da amsa ga mutanen da suka haife shi.

Tarihin cocin a Nijeriya ya nuna cewa ba ƙwanƙwasa ƙofa ce ta dasa shi ba. Har zuwa watan Yuni na 1978, lokacin da shugabansa Spencer W. Kimball ya sanar da ɗage dokar, cocin ba ya naɗa baƙar fata a muƙamin firist, wato ikon jagorantar ibada, amma duk da haka wasu mutane a kudu maso gabashin ƙasar sun yi shekaru suna karanta littattafansa, suna aika wasiƙu Salt Lake, suna taruwa da sunansa ba tare da ɗan mishan ko ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Anthony Obinna, malamin makaranta daga Aboh Mbaise, wanda aka yi wa baftisma a watan Nuwamba na wannan shekarar, kuma waɗanda aka turo a lokacin ba samari ba ne, dattawa ne ma'aurata, iyalan Mabey da Cannon. Daga wannan tushe cocin ya bunƙasa har aka keɓe haikalinsa na Aba a 2005, kuma galibin matasan da ke wa'azinsa a Nijeriya 'yan Afirka ne.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, shekara biyun nan makaranta ce, kuma ɗalibinta shi ne wanda aka aika. Yana koyon tashi da wuri, da zama da wanda bai zaɓa ba, da haƙurin jin an ce masa a'a sau da yawa a yini guda, ya koma gida ya fi riƙo da addininsa fiye da yadda ya fita. Wannan riba ce ta gaske, amma ba ta kai sanin mutane ba, domin ana sauya masa unguwa bayan 'yan watanni, kafin ya gane wanda ake gaisarwa da durƙuso. Irin wannan sani yana ɗaukar lokaci: Dakta Walter Miller, ɗan mishan na Kirista wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya shafe shekaru da dama yana sauraron Hausa a bakin masu ita kafin cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da ya yi wa aiki ta fito a 1932.