Nawa Ne Kuɗin Babur Ɗin Nan?

Tambaya ce ƙarama, amma ta sha raba 'yan'uwa, ta sha kai maƙwabta gaban alƙali. A ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni har bakin iyakar Nijar, babur ya gaji aikin doki da na jaki gaba ɗaya. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko taki, shi ke kai hatsi kasuwa, da shi kuma ɗan kabu-kabu yake ci da iyalinsa. A gidaje da yawa, in ka cire gona, ba wata dukiya da ta kai shi. Saboda haka ranar da aka ce a yi masa kuɗi, watau a faɗi ƙimarsa, ko domin rabon gado, ko domin biyan hasara, ko domin haraji, rana ce mai nauyi ƙwarai.

A manyan birane akwai waɗanda suka koyi wannan aiki a makaranta. Masu ƙimanta dukiya a Nijeriya sun kafa ƙungiyarsu a 1969, a 1975 kuma gwamnati ta yi dokar da ta kafa hukumar yi musu rajista. Kamfanonin inshora suna da nasu masu duba hasara, kwastan ma suna da nasu. Amma a ƙauyukan bakin Gulbin Rima, wanda a kan kira shi ne bakanike, ko kuwa dillalin kasuwar babura. Takardar shaida ce kaɗai ta raba su da na birni. Nauyin da ke wuyansu ɗaya ne.

Mu fara ba bakanike girmansa, gama saninsa sani ne na gaske. Kamar yadda mutanen dā suke buɗe bakin doki su dubi haƙoransa, haka shi ma yake tā da inji da sanyin safiya, tun bai yi zafi ba, ya kasa kunne. Ya kan dubi hayaƙin salansa. In ya ga shuɗi-shuɗi, ya san injin yana cin baƙin mai, ringi ya gaji. Ya kan taɓa sarƙa da haƙoran da take hawa, ya duba ko an taɓa yi wa jikin babur walda a ƙarƙashin sabon fenti. Agogon da ke ƙirga nisan tafiya bai cika ba shi gaskiya ba, domin sau da yawa ya daɗe da mutuwa. Sa'an nan ya gwada lambar inji da lambar jikin babur da abin da ke rubuce a rasit. Duk wannan aikin ido ne da kunne. Aikin zuciya yana zuwa sa'ad da zai buɗe baki ya faɗi adadi.

Watakila mai karatu ya ce, ai abu ɗaya kuɗinsa ɗaya ne, mene ne abin wahala a ciki? To, ba haka ba ne. Babur ɗaya yana iya samun kuɗi iri biyu ko uku a rana guda, kowanne kuwa gaskiya ne, bisa ga tambayar da aka yi. Kwastan suna tambayar abin da aka biya a ƙasar da aka sayo shi, da kuɗin jirgi, da na inshorar hanya. Magada suna tambayar abin da za a samu in an kai shi kasuwa yau. Wanda aka raba shi da babur ɗinsa kuwa yana tambayar abin da zai kashe kafin ya sami wani kamarsa. Bambancin nan ba laifi ba ne. Laifin yana shiga sa'ad da aka amsa wata tambaya da amsar wata, domin a faranta wa wanda ya biya lada.

Dubi inshora. Inshorar da doka ta tilasta wa mai abin hawa, wadda hukumar NAICOM ta sa kuɗinta naira 3,000 ga babur daga Janairu 2023, ta wanda ka yi wa ɓarna ce kaɗai. Ba ta biyanka ko kwabo domin naka babur. Cikakkiyar inshora ce take biyan wannan, daga Janairu 2023 ɗin kuwa hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar abin hawa. Ka ga tarkon ke nan. Ranar biya, mai babur yana so a ce babur ɗinsa tsoho ne tukuf. Ranar hasara, yana so a ce sabo ne dal. Ka'idar inshora ita ce a mai da mutum inda yake kafin hasara, ban da riba, wanda ya rage ƙima kuma a rage masa biya gwargwadon abin da ya rage. Haraji ma haka yake. A zamanin jangali a kan kora shanu daji kafin mai ƙidaya ya iso. Yau adadi a ke korawa daji. Da kwastan suka ga haka ga motocin da a ke shigo da su, a 2022 suka fara yi musu kuɗi bisa ga lambar jikin mota, har masu fito da kaya a tashar Legas suka yi yajin aiki a kai.

Lokaci kuma ya ƙara dagula lissafi. A dā kowa ya sani abin hawa raguwa yake yi kowace shekara. Amma a Yuni 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a hannun gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Bajaj Boxer daga Indiya a ke kawo kayansa, Honda kuma, ko da yake tana da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, kuɗin waje yana taɓa ta. Sai ga abin mamaki, mutum ya hau babur shekara biyu, ya sayar da shi fiye da yadda ya saya. Ba babur ne ya ƙara kyau ba, naira ce ta rame. Mutanen iyaka sun fi kowa sanin wannan, gama sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, ba ta faɗi tare da naira ba, mai saye daga wajen Maraɗi kuwa ya kan zo da ƙarfin aljihu da ɗan gida ba shi da shi. Saboda haka ƙimar da ba a faɗi ranarta ba, rabin magana ce.

Yanzu mu zo ga wuri mai wuya. A ce wani ya ari babur na maƙwabcinsa domin ya kai matarsa asibiti, 'yan bindiga suka tare hanya suka ƙwace. Kowa a wannan yanki ya san irin wannan ba tatsuniya ba ce, har ma a kan nemi sababbin babura cikin kuɗin fansa. A ce mai babur ya saya naira 400,000, yau kuwa irinsa na hannu ya kai ninki biyu. Mai aro talaka ne, ba shi da ko akuya. Aka kira bakanike gaban dattawa. Ya dubi fuskar talakan nan, tausayi ya kama shi, ya ce, ai tsohon babur ne, bai fi 300,000 ba. Jama'a suka ji daɗi, aka ce ya yi aikin alheri.

A ganina bai yi ba. Alheri da dukiyar wani ba alheri ba ne. Rangwamen da ya yi, daga aljihun mai babur ya ɗauka, ba da saninsa ba. Ya kuma hana shi abu mai daraja, watau zarafin yafewa da bakinsa. Da an faɗa masa gaskiya, cewa hasararsa ta kai 800,000, shi kuma ya ce na yafe rabi, ko na yafe duka, da maƙwabcinsa ya san girman abin da aka yi masa, zumunci ya ƙara ƙarfi. Amma yanzu mai babur zai je kasuwa ya ji farashi da kunnensa, ya gane an rufe shi, ya riƙe abin a zuciya shekara da shekaru. Ko mai aro zai biya ko ba zai biya ba, ko ya yi sakaci ko ƙaddara ce ta fi ƙarfinsa, wannan hukuncin alƙali ne, ko na dattawan gari, ko na dattawan ekklesiya in masu bi ne. Bakanike ba alƙali ba ne, mashaidi ne. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Jihar Sakkwato suke bi, sun daɗe da rarrabe wannan: abin da a ke aunawa da mudu, kamar gero, a biya shi da irinsa, abin da ba shi da tagwai kuwa, kamar dabba, wanda ya ƙwace shi ya biya ƙimarsa ta ranar da ya ƙwace. Ka ga su ma ba su bar ranar a duhu ba.

Ga rabon gado haka abin yake, sai dai ya kan juya baya. Babban wa yana so ya riƙe babur, ya biya ƙanne da gwauruwa rabonsu. Shi ne ya kira mai ƙima, shi ne ya sayo masa goro. In aka rage kashi ɗaya cikin huɗu, marayun da ba su san farashin taya ba su ne suka biya goron nan. Akwai gwaji mai sauƙi da tsofaffin 'yan kasuwa suka sani: a tambayi mai ƙima, a kan wannan kuɗi za ka yarda ka saya, za ka kuma yarda ka sayar in naka ne? Wanda ya yarda da ɗaya ya ƙi ɗaya, adadinsa ya karkata.

Don haka ba na son a sa dillali wannan aiki in akwai wani. Ba cewa na yi dillalai maƙaryata ne ba. Amma la'adarsu tana hawa da sauka tare da farashi, kuma gobe suna bukatar mai saye da mai sayarwa duka. Ladan mai ƙima ya kamata a yanke shi tun bai ga babur ba, ɓangarori biyu su raba biya, a rubuta lambar inji, da ranar, da dalilin da ya sa aka yi ƙimar, mutum biyu su sa hannu.

Saura babur wanda ba shi da takarda. A Satumba 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta kafa dokar tsaro da ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka, ta Katsina kuma ta riga ta dakatar da cinikin baburan hannu a kasuwar Charanchi, domin an gane kasuwar babur da aikin daji suna ciyar da juna. In aka kawo wa bakanike babur mai lafiyar inji, ba rasit, lambarsa kuma an goge ta da magagari, ana neman rabin kuɗi, ya san inda ragowar rabin ya tafi. Wani ne ya biya shi a kan hanyar Isa ko ta Shinkafi. Na sani faɗin haka a fili yana da hatsari, gama masu kai wa 'yan bindiga labari suna zaune a kasuwa ɗaya da kowa, ba ni kuwa da bakin tura mai iyali ga halaka. Amma ba dole ne ya yi shela ba. Ya isa ya goge hannunsa da tsumma ya ce, wannan ban iya yi masa kuɗi ba, a gwada wani.