Wasiyyar Kenton da Ƙungiyar Fatalwa

A jami'o'in Amurka akwai al'adar shirya bikin kiɗan jaz na kwana biyu ko uku. Ƙungiyoyin ɗalibai sukan zo daga makarantu daban-daban, kowace ta hau dandali ta nuna abin da ta iya, alƙalai su saurara su yi mata gyara, da dare kuma a yi babban wasa. Wani lokaci akan keɓe bikin don tunawa da wani gwanin da ya rasu. A 2011, shekara ɗari da haihuwar Stan Kenton, an yi ta taruka da sunansa ana buga kiɗansa. Abin da ya sa nasa ya tsaya mana a rai shi ne, mutumin ya bar wasiyya cewa bai yarda wata ƙungiya ta ci gaba da yawo da sunansa bayan ransa ba.

Kenton ɗan fiyano ne, mai tsara kiɗa, kuma shugaban babbar ƙungiyar makaɗa. An haife shi a Wichita ta jihar Kansas a 1911, ya rasu a 1979. Ƙungiyarsa ta shahara da ƙara: masu busa ƙahon ƙarfe biyar, masu tirombon biyar, masu sakzafon biyar, ga ganguna a baya. In suka busa tare sai ka ji kamar bango zai tsage. Wasu sun so hakan ƙwarai, wasu sun ce hayaniya ce kawai, har yau kuma ba a gama gardamar ba.

Abin da ya hana yana da suna a sana'ar: ƙungiyar fatalwa. Shugaba ya mutu, magada su ba da izini, a ɗauko sababbin makaɗa a ba su tsofaffin takardun kiɗa, su ci gaba da cin kasuwa da sunan mamaci. Glenn Miller ya ɓace a jirgin sama tsakanin Ingila da Faransa a Disambar 1944, amma har gobe akwai ƙungiya mai ɗauke da sunansa tana zagaya duniya. Ta Count Basie ma ba ta tsaya ba bayan rasuwarsa a 1984. Kenton ya ce ban da shi. Sai dai mutumin nan da ya rufe wannan ƙofa, shi ne kuma ya bar wa jami'ar North Texas da ke garin Denton tarin takardun kiɗansa, jami'ar da ta riga saura fara ba da digiri a wannan fanni tun 1947. Tun 1959 ma yake tara yara 'yan makaranta a sansanin hutu, shi da makaɗansa suna koya musu.

To ga tambayar. Idan ɗalibai goma sha tara suka zauna a dandalin jami'a, sunan Kenton na rubuce a allon talla, an sayar da tikiti, suna buga "Artistry in Rhythm" daga ainihin takardunsa, me ya raba su da fatalwar da ya hana? Mai son tsananta hukunci zai ce babu, an dai bi ta bayan gida ne aka shigo da abin da aka kora ta zaure.

Mu muna ganin akwai bambanci, kuma yana cikin abin da mai sauraro ya biya kuɗi ya saya. Wanda ya je kallon ƙungiyar fatalwa jiya yake so a maido masa, kuma ba ya son a taɓa masa ko da ɗigo ɗaya. Makaɗin da ke kan kujera aikinsa shi ne ya ɓace, a ji wani a bakinsa. Sojan gona ne da kowa ya san da shi, kowa kuma ya yarda a yi. Ɗalibi kuwa ba wanda ya zo don ya ɗauke shi a matsayin wani. Uwarsa na cikin 'yan kallo, da sunansa za ta kira shi, bayan 'yan shekaru kuma zai tafi wani ya hau kujerar. Takarda a hannunsa kamar allo ce a hannun mai koyo, ana rubutawa ne don a wanke a wuce gaba.

Amma kada mu yi saurin wanke jami'a tas. Fatalwa tana iya shiga aji. A jaz akwai gurbin da ake bar wa makaɗi ɗaya ya miƙe ya ƙirƙiri nasa nan take. Idan malami, don neman makin alƙalai, ya sa yaro ya haddace abin da Maynard Ferguson ya busa a faifai shekaru saba'in da suka wuce ya maimaita shi tiryan-tiryan, to an yi abin da Kenton ya ƙi, ko da ba a karya ko kalma ɗaya ta wasiyyar ba. Takardar lauya ba ta iya tsare wannan.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi nauyi: wa ya ba mamaci ikon ɗaure masu rai? Wasiyyar nan ba kyauta ta zo ba. Akwai mutanen da suka yi shekaru a cikin bas suna bin Kenton gari-gari, da wannan kiɗan suke ciyar da iyali, bayan mutuwarsa kuwa aikin bai sake dawowa ba. Ga shi kuma kaso mai yawa na abin da ake kira kiɗan Kenton ba shi ya rubuta ba. Pete Rugolo, Bill Holman, Bill Russo da Johnny Richards, wanda ya tsara "Cuban Fire!" a 1956, duk sun zuba basirarsu a ciki. Bikin da ya rataya hoton mutum ɗaya yakan manta da wannan, mu ma da muke rubutu ga shi sai a nan muka kawo sunayensu. Shin yana da haƙƙin binne abin da hannu da yawa suka gina?

A nan sai mu raba abu biyu. Sunansa nasa ne. Mutum na da ikon cewa kada a sa masa baki a maganar da bai yi ba, kuma wannan ikon ba ya ƙarewa don an kai shi makwanci, tunda alkawarin da za a riƙa cikawa sai in mai shi na kallo, tun farko tsoro ne aka sa wa suna alkawari. Sautin kuwa ya fita daga hannunsa tun ranar da aka fara jin sa. Shi kansa kamar ya fahimci haka, tunda bai ƙona takardun ba. Tsofaffin makaɗansa ma, da Mike Vax ya sake tara su daga baya, sun fito ne a matsayin waɗanda suka taɓa aiki da shi. Wasu za su ce wayo ne. Mu dai muna ganin wanda ya ce "na yi aiki da wane" bai yi wa kowa ƙarya ba.

A daren bikin, wurin da ya kamata a kasa kunne shi ne inda rubutun ya yanke. A takardar mai tirombon akwai layukan da babu komai a kansu sai alamomin da ke nuna masa hanyar da kiɗan ke bi. Yaro ɗan shekara goma sha tara zai miƙe, sauran su sassauta, ganga na tafe a bayansa, yana da abin da bai fi rabin minti ba.