Kyauta Mai Sharaɗi: Rowa Ce ko Girmamawa?

Ya mai karatu, a ce wani attajiri ya zo garinku ya tarar ba ku da makaranta, ko ɗakin shan magani, ko gidan marayu. Ya ce zai taimaka, amma ba zai saki ko sisi ba sai kun fara tara naku. Me za ka kira shi? Waɗansu za su ce marowaci ne, don me za a nemi kuɗi wurin wanda talauci ya sa shi roƙo? Waɗansu kuwa za su ce ya girmama ku, tun da ya ɗauke ku abokan aiki.

Wannan abu ya taɓa faruwa a kudancin Amurka, bari mu duba. A farkon ƙarni na 20 dokar jihohin kudu ta raba makarantun farar fata da na baƙar fata, hukuma kuma ba ta kashe wa 'ya'yan baƙar fata sai ɗan abin da ba a rasa ba. A shekara ta 1912 Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee a jihar Alabama, ya shawo kan Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears a birnin Shikago, aka fara da ƙananan makarantu 6 a ƙauyukan Alabama. A 1917 Rosenwald ya kafa gidauniya da dukiyarsa. Kafin 1932 an gina makarantu wajen 5,000 a jihohi 15.

Sharaɗinsa biyu ne. Sai mutanen ƙauye sun ba da nasu, ko kuɗi, ko fili, ko katako, ko aikin hannu. Sai kuma hukuma ta sa kuɗinta, ta karɓi makarantar ta riƙe ta. Da aka yi lissafi, gidauniyar ta ba da dalar Amurka miliyan 4 da 'yan kai, hukumomi suka ɗauki kaso mafi girma. Talakawa baƙar fata kuwa, manoma da 'yan ƙwadago, abin da suka tara ya ɗara na attajirin.

Amfanin sharaɗin a fili yake. Wanda ya ɗauko katako a kansa ba zai bar jinka ta yi yoyo yana kallo ba. Hausawa sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙungiyar taimakon jama'a wadda ke rayuwa da kuɗin mutum ɗaya tak, ranar da ya juya baya sai ta rufe ƙofa, marayu da marasa lafiya su koma inda suka fito.

Amma akwai abin da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Waɗannan talakawa sun riga sun biya haraji, da harajin nan ne ake gina wa 'ya'yan farar fata makarantu. Ashe sau biyu suka biya kafin su sami abin da yake hakkinsu. Gidauniyar kuma ta yi aikinta cikin tsarin wariya, ba ta rushe shi ba. Sai a 1954 kotun ƙoli ta Amurka ta haramta raba makarantun. Har yau ana kiran gine-ginen da sunan Rosenwald, sunayen matan da suka sayar da kajinsu kuwa sun ɓace.

To, ina gaskiya take? A ganina, a dubi wanda sharaɗi ya fi danne wa wuya. In ya tilasta wa mai ƙarfi ya sauke nauyinsa, kamar yadda aka sa hukuma ta riƙe makarantun nan, adalci ne. In ya nemi talaka ya kawo gwargwadon ikonsa don aikin ya zama nasa, girmamawa ce. Amma in ƙauyen da ya fi kowa talauci ya kasa cika sharaɗi aka wuce shi, to, an hana wanda ya fi bukata ke nan, kyauta ta koma ciniki.

Rosenwald ya yi wani abu kuma da ya isa a yi tunani a kansa. Ya umarta a kashe dukan kuɗin gidauniyar cikin shekara 25 bayan mutuwarsa, don kowane zamani ya ɗauki nauyin matalautansa. Ya rasu a 1932, gidauniyar ta rufe a 1948.

Saboda haka, in kai mai bayarwa ne, tambayi kanka: ranar da na tafi, aikin nan zai tsaya? In kuwa kai mai karɓa ne, kada ka raina ɗan abin da ke hannunka, kada kuma godiya ta sa ka manta da hakkin da kake bin hukuma.