Rarrashi Ko Yaudara: Shin Ya Halatta A Yi Wa Yaro Ƙarya Don Ya Yi Shiru?

Gabatarwa

Watakila wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai ya ga kan wannan maƙala ya yi murmushi, ya ce yaushe kuma kukan yaro ya zama abin ɓata takarda a mujallar Ƙungiyar Hausa. To, ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya biyo ni sannu a hankali, domin masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan ƙaramin yaro ya ɓarke da kuka a wurin da ba halin fita da shi, kamar cikin jirgin sama, shin ya halatta babba ya yi masa ƙarya don ya sayi shirunsa? Wannan tambaya a jikina na ji ta kafin in je neman amsarta a littattafai.

Yadda Abin Ya Faru

A hutun da ya gabata aka sa ni in raka yayata Abuja wurin mijinta. Muka tashi daga garinmu Mungadi, cikin Ƙaramar Hukumar Maiyama, tun da asuba, muka bi ta Jega, muka isa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi. Tare da mu akwai ɗanta mai shekara biyu da rabi. Da yake ɗan fari ne, kowa ya san al'adarmu ta alkunya: ba ta kiran sunansa, balle ta tsaya yi masa wasa a gaban jama'a. Saboda haka tun daga mota reno ya faɗo a kaina.

A mota ban sha wahala ba, gama akwai abin kallo: ga jakuna, ga shanu, ga manyan motoci ɗauke da buhunan albasa. Amma da muka shiga jirgi aka ɗaure shi a kujera da ɗamara, jirgi ya yi ruri ya ɗaga sama, sai yaro ya buɗe baki. Wani alhaji da ke gabanmu ya waiwayo ya yi tsaki. Kunya ta rufe ni. Na nuna wa yaron wani ma'aikacin jirgi na ce, "Yi kurum, ga ɗan sanda can zai kama ka." Sai kuka ya ƙaru. Da na ga tsoro bai ci ba, sai na sauya dabara na ce, "In ka yi kurum, da mun sauka zan saya maka jar mota." Ya dube ni yana shessheƙa, ya yi shiru. Ni kuwa na san ban da kuɗin komawa gida da na littattafai ba ni da ko anini.

Tafiyar ba ta wuce kamar awa ɗaya ba. Muna sauka na manta da zancen. Amma muna fita daga filin jirgi sai na ji an ja bakin rigata: "Kawu, mota." Haka ya yi ta yi kowace safiya har kwana uku.

Me Ke Sa Yaro Kuka A Jirgi?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san laifin wanda ake tuhuma. Iskar da ke cikin jirgi idan ya yi nisa a sama, nauyinta bai kai na ƙasa ba, domin akan daidaita ta ne ta yi kamar ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. To, akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan hanci, wadda ita ke daidaita iskar kunne da ta waje. Babba in ya ji kunnensa ya toshe sai ya haɗiye yawu ko ya yi hamma, hanyar ta buɗe. Ta yaro ta fi ƙanƙanta, kuma bai san wannan dabara ba, saboda haka ciwo yake ji na gaske, musamman lokacin sauka. Daɗin daɗawa, ga ƙara, ga baƙin fuskoki, ga ɗauri. Yaron da ya saba yawo tsakar gida yana bin kaji, yau an ce ya zauna wuri ɗaya bai san dalili ba.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a shekarar 1925, watau kimanin shekara ɗari ke nan, amma hikimarmu ta reno an gina ta ne a kan fili. Yaro in ya yi kuka a gida, sai a goya shi a zaga da shi, ko a miƙa wa kaka, ko a fita da shi zaure. A jirgi duk waɗannan ƙofofi a rufe suke, shi ya sa ƙofar ƙarya kan yi saurin buɗewa.

Hujjar Masu Halattawa

Ba zan zalunci masu ganin halaccin wannan ƙarya ba, domin suna da hujjoji masu ƙarfi. Da farko suna cewa yaro bai kai hankalin da za a yi masa bayani ba, ƙaryar kuwa don amfaninsa ce, gama in ya yi shiru shi ma ya huta. Na biyu, akwai haƙƙin sauran fasinjoji, waɗanda a cikinsu akwai tsoho da majinyaci da wanda bai runtsa ba daren jiya. Na uku, yaro mantuwa gare shi, abin da aka manta kuwa ba ya cutarwa.

Wannan ra'ayi yana da manya a bayansa. Aflatun, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya yarda shugabanni su yi wa talakawa ƙarya in don amfanin talakawan ne, ya kwatanta ta da magani a hannun likita. Haka kuma Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya kawo cewa idan yaro ba zai je makaranta ba sai da alkawari ko tsoratarwa ta ƙarya, to an yi rangwame a kai. Sai dai bai bar maganar haka nan ba, ya ja kunne cewa irin wannan ma ana rubutawa, kuma za a tambayi mutum niyyarsa.

Hujjar Masu Hanawa

A ɗaya ɓangaren akwai Bajamushen nan Kant, wanda a shekarar 1797 ya rubuta cewa ƙarya ba ta halatta ko da ga mai kisan kai ne da ya zo neman abokinka. A ganinsa, wanda ya yi wa mutum ƙarya ya mai da shi kayan aiki, ya kuma raunana amanar da zaman jama'a ya dogara a kanta. Mutane da yawa na ganin Kant ya tsananta, ni ma ina ganin haka a kan misalin mai kisa. Amma yaro ba mai kisa ba ne.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir. Yana yaro, mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, alhali Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai, da an rubuta mata ƙarya. Mai karatu ya lura, alkawarin ɗan dabino ne ga ƙaramin yaro, amma bai kuɓuta daga alƙalami ba. Ina ga jar mota?

Nawa Ra'ayin

Idan muka auna hujjoji uku na masu halattawa, ta uku ɗan yayata ya riga ya rushe ta da bakinsa. Akwai karin maganar da ke cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, amma alkawarin da babba ya manta, yaro ko ya yi barci yakan tashi da shi.

Ta farko kuwa, ya kamata mu tambayi kanmu tsakani da Allah, amfanin wa? Lokacin da na yi maganar mota, kunnen yaron bai daina ciwo ba, kukan kaɗai ya haɗiye. Wanda ya huta ni ne, na huta da tsakin alhaji. Likitan Aflatun yana ba da magani don majinyaci ya warke, ni kuwa na sha maganin da kaina na bar majinyaci da cutarsa. Rangwamen Al-Gazali ma an gina shi ne a kan amfanin yaro, watau karatu, kuma bayan an rasa wata hanya. Ni ban gwada wata hanya ba.

A nan ne bambancin rarrashi da yaudara yake. Mai rarrashi yana neman abin da ke damun yaro ya kawar, ko ya ɗauke hankalinsa daga gare shi da abin da ke akwai. Mai yaudara yana cin bashi ne daga amanar yaro, kuma yaro ne zai biya. Yau ka ce ga dodo, gobe ka ce ga ɗan sanda, jibi ka ce likita zai yi masa allura. Ranar da ya gane ba dodo, ya koyi cewa maganar manya ba abar riƙewa ba ce. Ranar da kuma ya kwanta ciwo aka kai shi asibiti, sai a rasa dalilin da ya sa yake ihu tun daga ƙofa.

Wani zai ce, to ai tatsuniya ma ƙarya ce. A'a. Bahaushe ya raba su tun tuni. Mai tatsuniya yana buɗewa da kalmomin da kowa ya san shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi ake yi, ya kuma rufe da ƙurunƙus, har ya amsa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro ya san wasa ne, kuma da yardarsa ake yi. Mai alkawarin ƙarya kuwa so yake a ɗauki maganarsa a kan gaskiya.

Akwai wasu hanyoyi biyu na sayen shiru da suka yi dangantaka da yaudara. Ta farko ita ce ɗura wa yaro maganin mura mai sa barci alhali lafiyarsa lau. Wannan ganganci ne, domin irinsu Phenergan likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yakan danne numfashi. Ta biyu ita ce miƙa masa waya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ban ce kallon 'yan mintoci a jirgi zunubi ba ne, amma in ita ce dabara ta farko kuma ta ƙarshe, to mun ba na'ura reno.

Saura haƙƙin fasinjoji, wanda ban musa shi ba. Wajibi ne mai yaro ya yi shiri, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma haƙƙi ba ya tafiya hanya ɗaya. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don tausayin uwar. Idan salla ta yi wa kukan yaro uzuri, fasinja bai fi ƙarfin haƙurin awa ɗaya ba. Duk mai tsaki a yau, an taɓa goya shi yana tsala ihu.

Abin Da Hajiya Ta Koya Mini

Da jirgi ya fara sauka, kuka ya dawo sabo, motar tawa ba ta ƙara yin aiki ba. Sai wata tsohuwa da ke gefenmu ta ce mini, "Ɗana, kunnensa ke ciwo, ba shi ruwa ya riƙa kurɓa." Ta ciro dabino ta cire ƙwallon, ta gutsura masa kaɗan-kaɗan. Ta miƙa masa carbinta suna ja ɗaya-ɗaya, ta ɓoye fuska da mayafi ta buɗe, har ya yi dariya da hawaye a kumatu. Sannan ta dubi yayata ta ce, "'Yata, ajiye kunya sai an sauka, riƙe hannun ɗanki." Ba ta ambaci dodo ba, ba ta yi alkawarin komai ba. Da abin da ke cikin jakarta ta yi aiki, kuma duk wanda zai yi tafiya da yaro zai iya tanadar irinsa: ruwa, ɗan abin taunawa, 'yar tsana ko wani abin wasa da ya saba da shi, da tatsuniya ɗaya ko biyu a ka.

Kammalawa

A taƙaice, ra'ayina shi ne ƙarya ga yaro ƙarya ce, ƙanƙantarsa ba ta rage mata nauyi, sai ma ta ƙara, domin shi ba ya da hanyar bincike, abin da ka faɗa shi ne gaskiyarsa. Shirun yaro abu ne mai daɗi, amma bai kai darajar amanarsa ba. A rana ta huɗu na ciri wani abu daga kuɗin littattafaina na sayo jar motar roba na ba shi. Ba na faɗi haka don a yaba mini ba, kunya ce ta kai ni kasuwa, kuma har yanzu akwai littafi ɗaya da nake ara wurin abokaina saboda ita. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai, waɗanda gobe su ne iyaye da malamai, za su yi nazarin wannan magana, wanda kuma yake da wani ra'ayi daban ya kawo shi a fitowa ta gaba mu ƙaru. Allah ya sa mu dace, amin.