Kifi cikin gilashi: kiwo ne ko kaso?

Mai karatu, ka san kiwon awaki, ka san kiwon kaji da zabi. Wataƙila ka taɓa ganin mai kanari da kejinsa rataye a zaure. To, yau ga wani kiwo da ba mu saba da shi ba. A ƙasashen Turai akwai mutane masu kiwon ƙananan kifi cikin ɗakin zamansu. Ba su cin su, ba su kai su kasuwa. Kallo kawai suke yi. Mutum zai sami akwatin gilashi mai cin ruwa lita 100, wato kamar rabin tano. Ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya dasa ciyawar ruwa, ya cika shi da ruwa, ya saki kifi ciki. Da marece in ya taso daga aiki, sai ya zauna yana kallon su. Wannan al'ada ta daɗe a can. Tun a shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a birnin Landan, mutane suka gani, kowa ya so ya yi nasa a gida.

Mafi yawan masu wannan kiwo, a kanti suke sayen kifinsu, irin na ƙasashe masu zafi, masu launi kamar atamfa. Amma akwai waɗanda suka fi son kifin rafin garinsu. Zancen waɗannan za mu yi.

Kifin da suka fi kamawa, Faransawa suna ce masa vairon. Tsawonsa kamar ɗan yatsanka ne, santimita 7 zuwa 10. Ba irin tarwaɗa ba ne, wadda ke jure laka da ruwan zafi a Madarunfa ko Tabalak. Shi gidansa rafi ne mai gudu, mai sanyi ƙarara, wanda kake hango tsakuwar ƙasansa daga bisa. Ba shi yawo shi kaɗai. Garke suke yi, wani lokaci ɗaruruwa, in sun juya su juya tare. Tsakanin watan Afrilu da Yuni suke zuba ƙwai bisa tsakuwa, kuma a lokacin cikin namijin yakan koma ja. Kama shi ba wuya. A Faransa buteli suke sa wa gutsuren burodi, su nitsar da shi cikin rafi, kifin ya shiga ya kasa fita. Sai dai ko can, sai mutum yana da takardar izinin kamun kifi.

Ga tambayar da nake so mu duba tare. Ya dace mutum ya ɗauke mai rai daga gidansa, ya kulle shi cikin gilashi, don idonsa ya ji daɗi kawai?

Mai kiwon yana da amsa, kuma amsarsa ba ta wauta ba ce. Zai ce maka: a rafi kifin nan abincin kowa ne. Babban kifi na haɗiye shi, tsuntsu na sure shi, masunta na soka shi a ƙugiya don su kama wanda ya fi shi. A akwatina ba mai cin shi. Safe da marece ina ba shi abinci. Mi ya rasa? Kuma zai iya juyowa ya tambaye ka: kai da kake cin kifi soyayye ran kasuwa, kai ne za ka zarge ni da na bar shi da ransa?

Gaskiya ne, ya bar shi da ransa. Amma bari mu duba abin da rafi yake yi wa kifin nan kullum, ba tare da an roƙe shi ba.

Kifi ma yana numfashi. Iskar da yake shaƙa tana narke cikin ruwa, kamar yadda gishiri ke narkewa cikin miya. Ruwan sanyi ya fi ruwan zafi riƙe wannan iska. Masana sun auna: ruwa mai zafin digiri 30 yana riƙe kashi biyu cikin uku ne kawai na iskar da mai digiri 10 ke riƙewa. Ga shi kuma in ruwa ya yi zafi, jikin kifi ya fi bukatar iskar. Abu ya ragu, bukata ta ƙaru. Ɗan kifin rafi ya fi son ruwan da bai kai digiri 20 ba. Ɗakin Bature kuwa, da rani yakan wuce digiri 25. Sai ka ga kifin ya taso saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa. Wanda bai sani ba zai ce wasa yake yi, ko abinci yake roƙo. Shaƙewa yake yi. Don haka dole mai kiwo ya aje akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rana, ya sa injin da ke motsa ruwa dare da rana. Wani har injin sanyaya ruwa yake saye, wanda kuɗinsa ya fi na akwatin. Ran da wutar lantarki ta ɗauke, hankalinsa ya tashi ke nan.

Sai maganar dauɗa. A rafi, kashin kifi ruwa ne ke tafiya da shi. A akwati ina za shi? Ka ɗauka rijiyarka da salgarka rami ɗaya ne. Haka kifin yake zaune. Dauɗar tana zama dafi mai ƙona masa wurin numfashi. Akwai wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani, masu cinye wannan dafi su maida shi abu mai sauƙi. Amma ba su yawaita cikin sabon akwati sai bayan sati 4 zuwa 6. Mai gaggawa da ya cika akwati yau ya zuba kifi gobe, bayan kwana kaɗan zai tarar da su sun juya ciki sama. Ko bayan ƙwayoyin sun zauna, kowane sati sai an kwashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan an sa sabo. Sabon ma ba daga famfo kai tsaye ba, don maganin da ake sa wa ruwan famfo, wanda ke kare mu daga ciwon ciki, shi kifi kashe shi yake yi. Kuma ba a aje kifin nan guda ɗaya ko biyu. In ba cikin ƴan'uwansa ba, sai ya laɓe a lungu ya ƙi ci.

Ka gani ke nan. Ran da mutumin nan ya ɗaga butelinsa daga ruwa, ya ɗauki aikin rafi duka ya ɗora wa kansa. Shi ne sanyi, shi ne gudun ruwa, shi ne mai shara. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Akuyar da ke sake tana neman ciyawarta da kanta. Ran da ka ɗaure ta a turke, kai ne dajinta, kai ne tabkinta. In ta kwana da ƙishirwa ba za a ce laifin rani ne ba.

Amma akuya tana da baki. In ka manta da ita, kukanta zai hana ka barci, maƙwabta ma su ji, ka ji kunya ka tashi. Kifi ba shi kuka. Zai mutu gabanka shiru, kana kallon shi kana cewa yana da kyau. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka ba ya jin komi.

To, yana ji? A 1938 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, yana nazarin wannan ɗan kifi. Ya kama ɗaya, ya ɗan yanke shi kusa da wutsiya don ya riƙa gane shi, ya maida shi cikin garken. Nan take sauran suka firgita suka watse. Da ya bincika, sai ya gano in fatar kifin ta ji rauni tana sakin wani abu cikin ruwa. Ƴan'uwansa suna jin warin abin da hancinsu, su san akwai haɗari, su gudu. Ashe yana da kuka, mu ne ba mu da kunnen jin shi. A 2003 kuma, a ƙasar Sikotland, wata masaniya mai suna Lynne Sneddon ta yi gwaji da wani kifin ruwan sanyi. Ta sa ma wasu dafin zuma a leɓe, wasu ruwan tsami. Suka bar cin abinci har wajen awa 3, waɗanda aka sa ma ruwan tsami suna goga leɓensu bisa tsakuwa. Har yau akwai masanan da ke cewa wannan ba zafi ba ne irin wanda mutum ke ji. Ba ni shiga gardamarsu. Amma in ana shakka ko abu yana jin zafi, kuma yana hannunka, a ganina sai ka riƙe shi kamar yana ji. In ka yi haka kuma ashe ba ya ji, mi ka rasa? Ɗan wahalar canjin ruwa.

Akwai wani bambanci tsakanin akuya da kifin nan. Akuya ta yi dubban shekaru tare da mutum, ta saba da shi, kuma bukata ce ta haɗa su: nono, nama, kuɗin magani ran da yaro ya kwanta. Kifin jiya-jiya yana rafinsa, kuma ba yunwa ta sa aka kamo shi ba. Shin jin daɗin ido dalili ne? Ba zan ce banza ne ba. Mai kanari ma ba cin shi zai yi ba. Yaron da ya tashi yana kallon kifin garinsu, ya ga yadda cikin namijin ke yin ja, da wuya ya girma ya zuba baƙin mai cikin rafi. Amma mai jin yunwa in ya kashe dabba yana da uzuri. Wanda ya kamo ta don nishaɗi, in ta wahala a hannunsa, wane uzuri gare shi? Ba wanda ya aike shi.

Masu kiwon suna da wani labari da suke so ƙwarai, kuma ya kamata ka ji shi. A kudancin ƙasar Sin, kusa da birnin Kanton, akwai wani dutse da ake kira Dutsen Farin Gajimare. A 1932 wani shugaban ƴan sikawut mai suna Tan ya ga wani ɗan kifi a rafin dutsen, tsawonsa santimita 4, mai jan wutsiya. Shi ma kifin ruwan sanyi ne. Aka kai shi Turai da Amurka, ya hayayyafa cikin akwatunan gilashi, har ya zama cikin mafi araha a kanti. A gida kuwa birni ya yi ta girma, rafuka suka lalace. Daga wajen 1980 aka yi shekara fiye da 20 ba a gan shi a can ba, har aka ɗauka ya ƙare. Sai a 2003 aka sake tarar da kaɗan a wani rafi na yankin. Duk tsawon shekarun nan, ɗakunan mutane ne suke cike da shi. Masu kiwo suka ce: kun gani? Ba don mu ba, da saura kaɗan a rasa irinsa.

Na yarda sun adana iri, kamar yadda kake adana irin hatsi a rumbu. Amma irin da ke rumbu gona yake jira. In gonar ta zama hanyar mota, mi aka adana? Kifin da kakanninsa da kakannin kakanninsa suka tashi cikin gilashi, bai san ambaliya ba, bai san tsuntsu ba. Mu da muke ce wa wanda bai san duniya ba kifin rijiya, mun san wannan tun da daɗewa. Kuma yawan kifin a kanti yana iya kwantar wa mutane da hankali, su ce ai yana nan, su bar rafin ya mutu.

Wataƙila yanzu za ka ce: to, wanda ya gaji, ko ya ji tausayi, ya kai su ruwa ya sake su mana. Nan ma akwai tarko. Kifin da ya zauna a akwati, balle in an haɗa shi da na kanti, yana iya ɗaukar cuta ya kai wa na rafi. In kuma aka zuba shi a ruwan da ba nasa ba, ɓarnar ta fi haka. Tsakanin Faransa da Ispaniya akwai tsaunukan Pirene. Can bisa akwai tabkuna masu yawa da tun asali ba kifi cikinsu, sai kwaɗi da ƙwarin ruwa. Masu kamun kifi suka kai manyan kifi can, daga baya suka riƙa hawa da ɗan kifin rafi da rai cikin bokiti don su sa a ƙugiya. In rana ta faɗi, sai su juye abin da ya rage cikin tabkin su sauko. Ba kiwon ɗaki suke yi ba, amma hannun da ke juye bokiti da wanda ke juye akwati, aiki ɗaya suke yi. Kifin da ke abin tausayi a rafinsa, a can ya zama annoba. Ya hayayyafa, ya cinye ƙwarin ruwa da ƴaƴan kwaɗi, ruwan wasu tabkunan da ke garau ya koma kore. Daga 2014 zuwa 2019 ma'aikata suka yi ta hawa tsaunin da koma da tarko, rani bayan rani, suna kwashe kifin daga ƴan tabkuna kaɗan. Inda suka kwashe shi, kwaɗin sun dawo da kansu. Tabkuna da yawa suna nan da kifinsu.

Saboda haka wanda ya kamo ɗan kifin nan ba shi da ƙofar fita mai sauƙi. Kifin yana iya yin shekara 3, ko 5, ko fiye. Duk tsawon wannan lokaci, kowane sati akwai bokiti da za a ɗauka. In zafi ya yi, akwai ma'aunin da za a duba safe da marece. In mai gida zai yi tafiya, sai ya bar ma maƙwabci makulli, ya nuna masa yawan abincin da ake zubawa, ya roƙe shi kada ya ƙara ko da kifin sun taso suna buɗe baki.