Duwatsun Tunawa: Hakkin Magabatanmu a Kanmu



Ikilisiya ta keɓe watan Nuwamba domin tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kowa yakan kawo sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa a yi addu'a. Amma akwai matattun da dukanmu muke cin moriyar wahalarsu, ga shi kuwa sunayensu suna salwanta. Su ne waɗanda suka fara karɓar bangaskiya a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, har Furana da ƙauyukan kewaye.

A Littafin Joshuwa sura 4, sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Allah ya umarta a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin, ɗaya domin kowace kabila, aka kafa su a Gilgal. Dalilin kuwa shi ne 'ya'yansu su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da labarin ikon Ubangiji. Dutse ba shi da baki. Aikinsa shi ne ya buɗe bakin yaro da tambaya, ya buɗe bakin uba da amsa.

Mu ma muna da labarin da ya isa a kafa masa dutse. A shekara ta 1913 waɗansu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Isa Almasihu, suka nemi Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilika a Zariya. Daga nan aka kafa mazaunin Kirista a Gimi, cikin ƙasar Makarfi. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya auka musu, ya kashe da yawa. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Da mishan ta ƙaura zuwa Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa a 1929. Wannan gini shaida ce da 'yan'uwanmu na Angilika suke nuna wa jikokinsu.

A wajenmu Katolika, Fada uku na ƙungiyar SMA sun isa Shendam ran 12 ga Fabrairu 1907. A shekara ta 2000 Zariya ta zama Dayosis, da Bishop George Jonathan Dodo a matsayin makiyayinta na fari. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai shekara 93. Wa ya riƙe fitilar a ƙauyuka? Katikis ɗin da ya taka sayyada daga wannan unguwa zuwa waccan, manomin da ya ba da gonarsa aka kafa rumfar sujada, da uwar da ta jure gori ta kai 'ya'yanta baftisma. Sunayen bishop-bishop suna cikin littattafai, amma na waɗannan suna bakin tsofaffi kaɗai, tsofaffin kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Waɗansu cikinmu, musamman waɗanda kakanninsu suka bar tsafi, suna tsoron kada kafa dutse ya zama komawa gidan jiya. Tsoron yana da dalili, amma a lura da bambanci. Ba mu yanka wa dutsen kaza, ba mu zuba masa giya, ba mu roƙonsa ruwan sama. Allah kaɗai muke yi wa sujada. Matattunmu kuwa addu'a muke yi dominsu, kamar yadda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin mayaƙansa da suka mutu.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'a ta yi abu uku. Matasa su zauna da dattawa su rubuta sunayen masu bi na fari, a gwada da littafin baftisma. A sassaƙa sunayen a dutse ko allon siminti a harabar majami'a, kada a manta da mata, kada kuma a fifita gidan mai kuɗi. Sa'an nan kowace shekara, ran 2 ga Nuwamba, a karanta sunayen da ƙarfi a gaban yara, a miƙa Mas dominsu.

Allah ya ba magabatanmu hutawa cikin haskensa, ya sa mu riƙe abin da suka damƙa mana har mu miƙa shi ga na baya. Amin.